Ciwon Damuwa: Musabbabansa, Dangantakarsa da Lafiyar Jiki da Hanyoyin Magance Shi

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce, "labarin zuciya a tambayi fuska." Wannan magana gaskiya ce, amma akwai wata larura wadda fuska kan jima tana rufa wa zuciya asiri a kanta. Mai ita yana fita kasuwa, yana amsa gaisuwa da "lafiya lau", yana halartar suna da jana'iza, alhali kuwa a cikin ransa duniya ta daina yi masa daɗi. Wannan larura ita ce ciwon damuwa. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2023, kimanin mutum miliyan 280 ne suke fama da ita, kuma ta fi yawa ga mata a kan maza da kusan kashi 50 cikin ɗari. Wani rahoton hukumar na 2017 ya ƙiyasta cewa a Nijeriya kaɗai fiye da mutum miliyan 7, wato kashi 3.9 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, suna ɗauke da ciwon. Abin da ya ƙara wa lamarin muni shi ne, a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, fiye da kashi 75 cikin ɗari na masu wannan ciwo ba sa samun wani magani.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana mene ne ciwon damuwa, da abubuwan da suke haddasa shi, da irin cuɗanyar da ke tsakaninsa da cututtukan gangar jiki, sa'annan da hanyoyin da bincike ya tabbatar suna warkar da shi. Za a fara ne da kalmomin da Bahaushe yake amfani da su wajen faɗin halin da zuciyarsa take ciki, domin kuwa da su ne majiyyaci zai kai kukansa gaban likita.

2.0 Ma'anar Ciwon Damuwa

2.1 Kalmomin Bahaushe na Ƙuncin Zuciya

Harshen Hausa ba matalauci ba ne a wannan fage. Akwai baƙin ciki, da ɓacin rai, da ƙunci, da takaici, da zullumi, da karayar zuciya, da mutuwar jiki, da yawan tunani. Idan aka lura da kyau, za a ga cewa mafi yawan waɗannan kalmomi an gina su ne a kan sassan jiki: ciki ne yake yin baƙi, zuciya ce take karaya, jiki ne yake mutuwa. Haka kuma idan aka ce wa Bahaushe wane ya kamu da "ciwon zuciya", sai ya nemi ƙarin bayani, domin lafazin yana iya nufin cutar tsokar da ke bugawa a ƙirji, yana kuma iya nufin takaicin da ya yi wa mutum katutu. Wato ke nan, tun asali harshen bai gina katanga tsakanin rai da jiki ba.

Sai dai duk waɗannan kalmomi suna bayyana yanayi ne mai zuwa ya wuce, wanda kowane ɗan Adam yake ɗanɗana. Babu ɗaya daga cikinsu da take nufin cuta mai buƙatar asibiti. Wannan giɓi ne ya sa ma'aikatan lafiya da kafofin watsa labarai suka ɗauki kalmar "damuwa" suka jingina ta da "ciwo". Laƙabin yana da amfani, yana kuma da illa, domin mai sauraro kan ce, "wa ya rabu da damuwa?" Saboda haka ya zama wajibi a bambance damuwar yau da kullum da wadda ta rikiɗa ta zama ciwo.

2.2 Alamomin Ciwon

Likitocin ƙwaƙwalwa sun tsayar da alamomi tara da ake dubawa. Su ne: ƙuncin rai mafi yawan yini, gushewar sha'awar abubuwan da a da suke faranta rai, canjin cin abinci, wanda kan kawo rama ko ƙiba, rashin barci ko yawansa, nauyin jiki da na magana, ko kuma rashin natsuwa, kasala, ganin kai ba a bakin komai ba tare da yawan zargin kai, kasa tattara hankali da yanke shawara, da kuma yawan tunanin mutuwa ko na kashe kai. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shimfiɗa a littafinta na 2013 ita ce, sai an sami aƙalla biyar daga cikin taran nan, ciki har da ɗaya daga biyun farko, sun ɗauki mako biyu ko fiye, kuma sun tauye mutum a sana'arsa ko zamansa da iyali.

Wanda aka yi wa rasuwa yana baƙin ciki, amma baƙin cikinsa kan zo ne ya lafa, ta'aziyya tana sanyaya masa rai, kuma bai daina ganin darajar kansa ba. Mai ciwon damuwa kuwa, ko albishir aka yi masa ba ya ratsa shi. Yakan farka tun kafin assalatu barci ya ƙaurace masa, abinci ya zame masa kamar dusa, ya riƙa ganin iyalinsa za su fi samun sauƙi in babu shi.

3.0 Waiwaye Kan Tarihi

Ciwon ba baƙo ba ne. Likitocin Girka na zamanin Hippocrates sun san shi, suka danganta shi da rinjayen wani baƙin ruwa a cikin jiki, wanda Larabawa suka fassara da "sauda". Malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rarrabe baƙin ciki kashi biyu a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus: wanda aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda yake faɗo wa mutum ba tare da sanannen dalili ba, wanda ya ce tushensa a jiki yake, kuma yana buƙatar maganin jiki.

A zamanin mulkin mallaka, wasu likitocin Turai, musamman J. C. Carothers a wani rahoto da ya rubuta a 1953, sun yi da'awar cewa da wuya Baƙar fata ya kamu da wannan ciwo. Bincike ya rushe wannan da'awa. M. J. Field, wadda ta yi nazarin masu zuwa wuraren tsafi neman waraka a ƙasar Gana, ta nuna a 1960 cewa ciwon ya yawaita a tsakanin matan karkara, har wasunsu kan zo suna zargin kansu da maita. A Nijeriya kuma, binciken da Farfesa T. Adeoye Lambo ya yi tare da Alexander Leighton a ƙasar Yarbawa, wanda aka buga a 1963, ya gano alamomin ciwon da dama. Daga baya, a 2007, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka bayar da rahoton cewa kimanin mutum ɗaya cikin huɗu na tsofaffin da suka bincika, 'yan shekara 65 zuwa sama, sun taɓa fama da ciwon a rayuwarsu. Ashe dai ciwon yana nan, masu neman sa ne ba su fahimci harshen da ake faɗinsa da shi ba.

4.0 Musabbaban Ciwon Damuwa

Masana sun yi ittifaƙi cewa ciwon damuwa ba shi da musabbabi guda ɗaya tilo. Abubuwa ne da dama suke taruwa, wasu daga halitta, wasu daga tarbiyya, wasu daga halin rayuwa.

4.1 Gado

Nazarin da aka yi a kan tagwaye, wanda Sullivan da Neale da Kendler suka tattara a 2000, ya nuna cewa gado yana da alhakin kimanin kashi 37 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane wajen yiwuwar kamuwa da ciwon. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi ciwon, ya fi sauran jama'a haɗarin kamuwa da shi ninki biyu zuwa uku. Abin lura shi ne, ba ciwon kansa ake gada ba, saurin kamuwa ake gada, kuma kaso mafi girma yana hannun abubuwan da mutum ya ci karo da su a rayuwa.

4.2 Ƙwaƙwalwa da Sinadaranta

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna isar wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai, daga cikinsu akwai sirotonin da noradirinalin da dofamin. An daɗe ana yaɗa cewa ƙarancin sirotonin ne kawai yake kawo ciwon damuwa. Wani bita da Joanna Moncrieff da abokan aikinta suka buga a 2022 ya nuna cewa babu gamsasshiyar hujja a kan wannan sauƙaƙaƙƙen bayani. Abin da ya fi ƙarfi a yau shi ne bayanin da ya shafi yadda jiki yake amsa tashin hankali. Idan mutum ya shiga firgici, ƙwaƙwalwa takan umarci wasu 'yan halittu biyu da ke zaune bisa ƙoda su saki sinadarin kotisol, wanda yake ɗaga sukarin jini, ya shirya jiki domin gudu ko faɗa. Idan haɗarin ya wuce, sai komai ya koma daidai. Amma idan tashin hankalin ya ƙi ƙarewa, wata da watanni, sai wannan tsari ya kasa komawa mazauninsa. A jikin masu ciwon damuwa da dama ana samun kotisol ya hau, kuma hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa sashen da ke kula da ajiyar tunani yakan ɗan ƙanƙance ga waɗanda ciwon ya yi ta dawo musu.

4.3 Halin Rayuwa

Mafi yawan lokaci akwai wani abu da yake tunzura ciwon: mutuwar makusanci, mutuwar aure, karayar jari, rasa aiki, ko wulaƙanci a bainar jama'a. Binciken George Brown da Tirril Harris a kan matan wata unguwa ta birnin Landan, wanda aka buga a 1978, ya nuna cewa musiba ba ta kayar da kowa daidai wa daida. Matan da suka fi kamuwa su ne waɗanda ba su da amini na kusa da za su buɗe wa cikinsu, da waɗanda suka rasa uwa kafin su kai shekara 11, da masu 'ya'ya uku ko fiye 'yan ƙasa da shekara 14 a gida, da marasa sana'a a waje. Darasin da ke cikin wannan ya wuce Landan. Kaɗaici yana buɗe wa ciwon ƙofa, abokin shawara kuwa garkuwa ne. A nan ne karin maganar nan ta "ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba" take buƙatar a yi mata iyaka, domin haɗiye kowane irin takaici ba tare da mafita ba yana da nasa sakamakon.

Ƙuruciya mai ɗaci, kamar duka mai tsanani, ko fyaɗe, ko rashin kulawa, tana barin tabo mai daɗewa. Haka nan talauci da bashi da zaman aure na cin zarafi. Yaƙi da gudun hijira su ma manyan musabbabai ne, kuma wannan ya shafi Nijeriya kai tsaye, ganin yadda rikicin arewa maso gabas da ya ɓarke a 2009 ya raba fiye da mutum miliyan biyu da muhallinsu, ga kuma ta'asar 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da maƙwabtansu.

4.4 Shaye-shaye

Giya da ƙwayoyi irin su tiramadol da ruwan maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da shi a 2018, suna da fuska biyu a wannan lamari. Wani ƙunci ne yake tura shi gare su domin ya sami sa'ida, wani kuma su ne suke jefa shi cikin ƙuncin. Kowanne ya riga, ƙarshen dai ɗaya ne, domin kowane ɗayansu yana ciyar da ɗan'uwansa.

5.0 Dangantakar Ciwon da Lafiyar Jiki

5.1 Yadda Ciwon Yake Ɓuya a Cikin Jiki

Mai ciwon damuwa ba kasafai yake zuwa asibiti ya ce ransa a ɓace yake ba. Abin da zai faɗa shi ne ciwon kai, ko zafi a tsakar ka, ko faɗuwar gaba, ko nauyin ƙirji, ko wani abu yana yi masa yawo a jiki. Wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙananan asibitoci na ƙasashe 14, wanda Ibadan tana cikin cibiyoyinsa, an kuma buga sakamakonsa a 1999, ya gano cewa kashi 69 cikin ɗari na masu ciwon damuwa koken jiki kaɗai suka gabatar wa likita. Amma da aka tambaye su kai tsaye, mafi yawansu ba su musanta ƙuncin da suke ciki ba. Illar wannan a fili take. Sau da yawa akan yi ta ba majiyyaci maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot da na gyambon ciki, a yi ta gwaje-gwaje, kuɗi su ƙare, ciwo yana nan, saboda ba a yi masa tambayar da ta dace ba.

5.2 Cutar Jiki a Matsayin Musabbabi

Cututtuka masu daɗewa suna jawo ciwon damuwa. Wani nazari da ya ƙunshi mutum fiye da 245,000 a ƙasashe 60, wanda aka buga a 2007, ya nuna cewa tsakanin kashi 9 zuwa 23 cikin ɗari na masu ciwon sukari ko asma ko amosanin gaɓɓai ko ciwon ƙirji na zuciya suna ɗauke da ciwon damuwa a lokaci guda, kuma haɗuwar biyun ta fi kowace cuta ita kaɗai raunana lafiya. Mai ciwon sukari ya ninka wanda ba shi da shi haɗarin kamuwa. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda jijiyar zuciyarsu ta toshe, da kimanin ɗaya cikin uku na waɗanda suka sami shanyewar ɓarin jiki, sukan faɗa cikin ciwon daga baya. Haka abin yake ga masu tarin fuka da ƙanjamau da sankara da farfaɗiya da sikila, da kuma mata masu yoyon fitsari, waɗanda ƙyamar jama'a take ƙara musu ciwo a kan ciwo.

Wani lokaci cutar jikin ce da kanta take kwaikwayon ciwon damuwa. Raunin aikin halittar nan ta gaban wuya, wadda kumburinta yake zama maƙoƙo, yana kawo kasala da nauyin tunani da ƙunci. Ƙarancin jini ma yana kawo kasala mai kama da wannan. Akwai kuma magungunan da kan taɓa yanayin rai, kamar firednisolon da dangoginsa, da metildofa na hawan jini, da efabirenz na ƙanjamau. Wannan ne dalilin da ya sa likita na ƙwarai yake fara duba jiki da jerin magungunan da majiyyaci yake sha kafin ya yanke hukunci.

Haihuwa tana da nata matsayi na musamman. Fiye da kashi 10 cikin ɗari na masu juna biyu da masu jego a duniya suna fama da ciwon. Sauyin sinadaran jiki bayan haihuwa, da rashin barci, da rashin mataimaki, duk suna da hannu. 'Yar ƙwalla da saurin fushi na kwanakin farko sukan wuce da kansu cikin mako biyu. Abin da ya zarce haka, har uwa ta kasa kula da kanta ko jaririnta, ciwo ne. Al'adar nan ta zuwa wankan gida, inda mai haihuwar fari take komawa gaban mahaifiyarta, tana samar da irin tallafin da ake buƙata a wannan lokaci, ko da yake ba ta isa ta zama magani ga wadda ciwon ya riga ya kama ba.

5.3 Ciwon Damuwa a Matsayin Musabbabi

Hanyar tana da zuwa tana da dawowa. Nazarce-nazarcen da aka tattara a 2008 sun nuna cewa mai ciwon damuwa ya fi waninsa haɗarin kamuwa da ciwon sukari irin na manya da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Haka kuma ya fi fuskantar cutar jijiyoyin zuciya, kuma idan ta same shi, ya fi saurin mutuwa da ita. Dalilan iri biyu ne. Na farko na cikin jiki ne: hauhawar kotisol, da ƙaruwar sinadaran kumburi a cikin jini, da rikicewar bugun zuciya, da lalacewar barci. Na biyu na ɗabi'a ne: wanda ya yanke ƙauna ba ya motsa jiki, ba ya kula da abin da yake ci, yana iya ƙara shan taba, kuma ya fi saurin watsar da maganin da aka ɗora shi a kai. Mai tarin fuka da ya daina shan ƙwayoyinsa a wata na uku, ko mai hawan jini da ya daina zuwa awo, mai yiwuwa ba taurin kai ne yake damunsa ba. Maganar da Hausawa suke yi cewa tunani ya sa wa wane hawan jini, ko baƙin ciki ya kashe wance, tana da ƙamshin gaskiya fiye da yadda ake zato.

Mafi munin ƙarshe shi ne kisan kai. Fiye da mutum 700,000 ne suke kashe kansu a duniya kowace shekara, kuma ciwon damuwa yana cikin manyan dalilai.

6.0 Hanyoyin Magani

6.1 Magani ta Hanyar Zance

Ga ciwon da bai yi tsanani ba, abin da ake fara bayarwa shi ne zama da ƙwararren mai ba da shawara. Fitacciyar hanya ita ce wadda Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960. Beck ya lura cewa mai ciwon yana kallon kansa da duniya da gobe da baƙin tabarau, sai ya tsara yadda za a koya masa kama irin waɗannan tunane-tunane, ya auna su da hujja, ya musanya su da na gaskiya. Akwai kuma hanyar mayar da majiyyaci ga ayyukan da ya watsar, kaɗan-kaɗan, ba tare da jiran sai sha'awa ta dawo ba, da hanyar warware matsaloli ɗaya bayan ɗaya.

An tabbatar cewa ba lallai sai likita ne zai yi wannan aiki ba. A karkarar Rawalpindi ta ƙasar Pakistan, Atif Rahman ya horar da mata ma'aikatan lafiya na unguwa, kuma sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna cewa yawan masu jegon da ciwon bai sake su ba ya ragu da fiye da rabi idan aka kwatanta da waɗanda ba su sami shirin ba. A Harare ta Zimbabuwe, Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata suna zama da majiyyata a kan benci a harabar asibiti, gwajin da aka buga a 2016 kuma ya tabbatar da amfanin shirin. Tun kafin waɗannan, a 1954, Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abekuta, inda majiyyata suke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani.

6.2 Magungunan Asibiti

An gano magungunan farko ne a shekarun 1950. Likitoci sun lura cewa wani maganin tarin fuka mai suna ifroniyazid yana faranta ran majiyyata, sa'annan Roland Kuhn na ƙasar Siwizalan ya bayyana amfanin imifiramin a 1957. Fulokzetin ya sami izini a Amurka a 1987. Shi da amitiriftilin suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Wani babban nazari na 2018, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 522 a kan magunguna 21, ya nuna cewa dukkansu sun fi ƙwayar da ba ta ɗauke da magani tasiri, ko da yake fifikon matsakaici ne. Wato rushewar bayanin sirotonin bai rushe amfanin maganin ba.

Akwai ƙa'idojin da jahiltarsu take sa magani ya ci tura. Ba a fara jin sauƙi sai bayan mako biyu zuwa huɗu. Bayan an warke, ana ci gaba da sha aƙalla wata shida, domin gudun dawowar ciwon. Ba a dainawa farat ɗaya, sai a hankali bisa shawarar likita. Amitiriftilin yana kawo barci da bushewar baki da taurin bayan gida, yana da haɗari ga mai ciwon zuciya, kuma shansa fiye da kima yana iya kisa. Fulokzetin kan kawo tashin zuciya da raguwar sha'awa, kuma matasa 'yan ƙasa da shekara 25 suna buƙatar sa ido a makonnin farko. Dole ne kuma likita ya bincika ko majiyyaci ya taɓa shiga yanayin zumuɗi mai wuce iyaka, na rashin barci da yawan surutu da ɓarnar kuɗi, domin wannan wata cuta ce daban mai nata magani. Ƙwayoyin barci irin su Valium, waɗanda ake saye a kantin magani ba da takardar likita ba, ba sa warkar da ciwon damuwa, kuma suna kama jiki.

Ga wanda ciwonsa ya kai ya daina ci da sha, akwai jinyar lantarki, wadda aka fara a birnin Rum a 1938. A yau ana yin ta ne bayan an sa majiyyaci barci, kuma tana cikin hanyoyi mafi saurin tasiri.

6.3 Jiki, Iyali da Addini

Motsa jiki a kai a kai, ko da tafiyar ƙafa ce ta rabin awa, yana rage alamomin ciwon, haka nan tsayar da lokacin barci da barin kayan maye. Kula da ciwon sukari ko hawan jini tare da ciwon damuwa a lokaci guda ya fi kula da ɗaya a bar ɗaya.

Iyali su ne asibitin farko. Abin da ake so gare su shi ne saurare ba tare da gori ba, da raka majiyyaci asibiti. Idan ya ambaci mutuwa, kada a ɗauka wasa ne. A tambaye shi a fili, domin bincike ya nuna tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, a kawar da maganin ƙwari da fiya-fiya da tarin ƙwayoyi daga inda yake, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma gaggauta kai shi ga likita.

Addu'a da tawakkali suna ƙarfafa zuciya, kuma ba su yi karo da shan magani ba. Kuskuren da ake yi shi ne fassara ciwon da raunin imani ko rashin haƙuri. Alƙur'ani ya ba da labarin yadda idanun Annabi Yaƙubu suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, kuma malaman tarihi sun kira shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu da shekarar baƙin ciki. Idan baƙin ciki bai zama aibi ga waɗannan bayin Allah ba, to wanda nasa ya rikiɗa ya zama cuta ya fi cancantar tausayi a kan zargi.

6.4 Matsayin Nijeriya

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Aro da Yaba da Kaduna da Kware da Maiduguri da Inugu da Kalaba da Binin, ban da sassan da ke asibitocin koyarwa. Sai dai likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne kawai ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Mafita ita ce shigar da wannan kulawa cikin ƙananan asibitoci, kamar yadda shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 ya tanada. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta amince da haƙƙin majiyyaci na samun kulawa ba tare da wulaƙanci ba.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa ciwon damuwa cuta ce sananniya mai alamomi, wadda gado da aikin ƙwaƙwalwa da halin rayuwa suke haɗuwa su haifar. Ta kuma nuna cewa yana ɓuya a cikin koken jiki, cutar jiki tana jawo shi, shi ma yana jawo ta, kuma yana warkewa ta hanyar zance da magani da tallafin dangi. Akwai aiki a gaban masana harshe a nan. Muddin kalmar da jama'a suka sani ga mai zuwa asibitin ƙwaƙwalwa ita ce "mahaukaci", to mai ciwon damuwa zai gwammace ya mutu da abinsa a ciki. Ana buƙatar daidaitattun kalmomi na Hausa, da tambayoyin gwaji waɗanda aka gina a kan yadda Bahaushe yake faɗin ciwonsa, domin idan mace ta ce wa ma'aikacin asibiti jikinta ya mutu kuma tunani ya yi mata yawa, ya san tambayar da zai yi mata ta gaba.